ZARE: Ranar da na bi ta saman gonarmu a jirgin kwamfuta, ban gane ta ba

1/
 Yau zaren tarihi ne, yana da ɗan tsawo, ku gyara zama. Maganar na'urar koyon tuƙin jirgin sama za mu yi, wadda ake ce wa simuleta: yadda aka faro ta da akwatin katako, da rigimar da har gobe ba ta ƙare ba tsakanin kyan hoto da saurin aiki. Kano na ciki tsundum.

2/
Ga abin da ya jawo zancen. Makon jiya na ari laftof ɗin abokina, na buɗe ɗaya daga cikin wasannin nan na tuƙin jirgi. Na tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano na miƙi arewa. Niyyata ɗaya ce: in bi titin Kazaure har Dambatta, in ga gonarmu daga sama.

3/
Na ƙure kyan hoto har ƙarshe. Wallahi ɗakin matuƙin kamar ka kai hannu ka taɓa, har ƙurar kan gilashi ana gani. Amma jirgin tafiyar gurgu yake: hoto ya tsaya, ya yi tsalle, ya sake tsayawa. Fankar laftof kuwa tana ihu kamar injin markaɗe.

4/
Na rage kyan hoton. Nan take jirgi ya miƙe sumul, amma ƙasa ta koma kamar an zubar da kunu a tabarma. Kuma duk ta biyun ban gane gonarmu ba. Titi yana nan, ruwan dam ɗin Tomas yana nan, amma babu kuka, babu gawo, babu rumbu ko ɗaya.

5/
Da farko na ɗauka laifin laftof ne. Da na bi tarihin abin sai na gane ashe tun fiye da shekara ɗari masu ƙera wannan na'ura tambaya ɗaya suke amsawa: tunda ba za a iya kwaikwayon komai ba, me za a saka, me za a bari? Taura biyu ba ta taunuwa. Mu koma baya.

6/
Ranar 1 ga Nuwamba 1925, jirage uku ƙirar DH.9A na sojan saman Ingila suka sauka a filin sukuwa na Kano. Daga Helwan ta ƙasar Masar suka taso, jagoransu Arthur Coningham. Ita ce ranar da ake ƙirgawa a matsayin mafarin tarihin jirgin sama a Najeriya.

7/
Ku lura da yadda suka zo. Babu tauraron ɗan'adam, babu na'urar da ke nuna maka inda kake. Taswirar takarda ce, da kamfas, da ido. Matuƙi ya leƙa ƙasa: ga kogi, ga dutse, ga hanyar fatake, ga ganuwa. A lokacin, ganin ƙasa shi ne rabin tuƙin.

8/
To idan ƙasar ta ɓace fa? Duk ɗan Kano ya san hazon hunturu, ranar da kana Kurna ba ka hango Dala. Matuƙin da ya shiga hazo ko gajimare, jikinsa ƙarya yake masa. Kunnensa na ciki ya ce jirgi a miƙe yake, alhali ya karkace yana gangarawa. Mutane da yawa sun mutu a haka.

9/
Tun wajen 1910 Faransawa sun gwada wata dabara a kamfanin Antoinette: a raba ganga biyu, ɗalibi ya zauna a sama, ƙarti su riƙa girgiza shi da hannu yana ƙoƙarin daidaitawa. Abin dariya ne a ido, amma tunanin daidai ne: ka yi kuskurenka a ƙasa, inda kuskure ba ya kisa.

10/
Wanda ya mayar da abin sana'a shi ne Edwin Link, ɗan garin Binghamton a jihar New York ta Amurka. Mahaifinsa yana da masana'antar piyano da ogan. A 1929 ya ɗebi zugazugan da ke hura iska a cikin kayan kiɗan, ya haɗa akwatin da ke karkata hagu da dama, sama da ƙasa, idan ka motsa sandar tuƙi.

11/
Eh, zugazugi irin tunanin na maƙera, wanda kuke gani a kasuwar Bichi ana hura gawayi da shi. Da farko ba wanda ya ɗauke shi da muhimmanci. Masu wuraren wasan yara ne suka fi saye, a jefa kwabo a hau a yi nishaɗi.

12/
Sai 1934, gwamnatin Amurka ta ɗora wa matuƙan soja jigilar wasiƙu. Yawancinsu ba su iya tuƙi da dare ko cikin mummunan yanayi ba. Cikin 'yan watanni fiye da goma suka mutu. Nan soja suka tuna da akwatin Link, suka sayi guda 6, kowanne dala 3,500.

13/
Ga inda nake so ku riƙe. Akwatin nan ba shi da hoto ko ɗaya. Rufe ka ake da murfi, duhu, sai agogunan jirgi a gabanka. Malami yana zaune a tebur a gefe, wata 'yar na'ura tana zana masa hanyar da ka bi a kan taswira. Da gangan aka hana ka gani, don ka koyi yarda da agogo, ka daina yarda da jikinka.

14/
A Yaƙin Duniya na Biyu an ƙera irinsa fiye da 10,000, an horar da matuƙa fiye da 500,000 a Amurka kaɗai. Kuma a wannan yaƙin Kano ta zama babban zango. Daga Satumba 1940 ana haɗa jiragen yaƙi a Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, a biyo da su Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy, Khartoum, har Alƙahira.

15/
Jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya, rani da damina, cikin ƙura da hadari. Kakanninmu na Ungogo da Minjibir suna gona suna ɗaga kai suna ganin wucewarsu. Zamanin da akwati mara hoto shi ne babban malamin tuƙin makanta ke nan.

16/
Bayan yaƙi, a 1948, kamfanin Pan Am ya karɓi simuleta ta jirgin Boeing 377 daga Curtiss-Wright. Ɗakin matuƙi cikakke, kowane maɓalli a wurinsa, amma ba ya motsi kuma taga ba ta nuna komai. An zaɓi gaskiyar injin da agoguna, an bar kallo.

17/
Hoto ya shigo sosai ne a shekarun 1960, ta hanya mai ban mamaki. Sai a gina ƙaramar duniya a kan ƙaton allo: 'yan gidaje, 'yan bishiyu, titin jirgi, kamar yadda muke gina gari da laka muna yara. Kyamara tana yawo a kai daidai da tuƙin ɗalibi, ana haska masa a gabansa.

18/
Yana da kyau, amma duniyar tana da baki. Ka wuce iyakar allo, shi ke nan, sai a turo maka hazo. Ka yi kuskuren sauka, kyamara ta daki allo, a kira masu gyara. Ga fitilu masu cin wuta kamar me.

19/
A shekarun 1970 kwamfuta ta fara zana hoton da kanta, amma ƙarfinta kaɗan ne. Me injiniyoyi suka yi? Suka ce to a yi dare kawai. Baƙin allo, da ɗigo-ɗigon fitilun titin jirgi da na gari. Babu gida, babu ciyawa. Kamfanonin jirage suka yi ta saye, domin abin da matuƙi ke buƙata don sauka yana nan, kuma hoton ba ya cijewa.

20/
Me ya sa cijewa ta fi munin hoto illa? Mu yi lissafi. Jirgin fasinja yana dosar titi da gudun kusan kilomita 250 a awa, wato kusan mita 70 a daƙiƙa. Idan hoto ya makara da kashi 15 cikin 100 na daƙiƙa, jirgin ya riga ya ci mita 10 kai ba ka gani ba.

21/
Sai ka gyara abin da ya riga ya wuce, ka zarce, ka dawo, ka sake zarcewa. Ɗalibi ya koyi mugun hannu. Shi ya sa ƙa'idar da aka daɗe ana bi ga simuleta mafi daraja, ajin D, ta ce jinkiri tsakanin motsa sanda da amsawar na'ura kada ya haura wannan kashi 15 ɗin.

22/
Yanzu mu shigo gida, wato wasan da ni da ku muke iya taɓawa. Bruce Artwick da kamfanin subLOGIC suka fitar da Flight Simulator a kwamfutar Apple II wajen 1980. Zane-zanen layi ne kawai, duwatsu kamar an lanƙwasa waya. A 1982 Microsoft ta fitar da nata a kwamfutar IBM.

23/
Wasan yana matse kwamfuta har ya zama ma'auni: idan wani kamfani ya ce kwamfutarsa daidai take da ta IBM, sai a ce sa mata Flight Simulator mu gani. Tun ranar farko, ke nan, wasan jirgi da ƙarfin na'ura suke kokawa.

24/
A 1995 Austin Meyer ya fito da X-Plane da wata hanya daban. Maimakon a rubuta wa kwamfuta yadda jirgi zai yi a tebur na lambobi, sai ta yanka fiffike gunduwa-gunduwa, ta lissafa iskar da ke bugun kowace gunduwa sau da yawa a daƙiƙa. Wannan lissafin ma yana cin ƙarfi, kuma ido ba ya ganinsa.

25/
Ga yadda mai ƙera jirgi a cikin wasa yake fama. Duk abin da kuke gani, daga hanci zuwa wutsiya, an haɗa shi ne da ƙananan alwatika, dubbai ko miliyoyi, sannan a lulluɓe da hoton fenti. Idan ana son hoto 60 a daƙiƙa, kwamfuta tana da ƙasa da kashi 2 cikin 100 na daƙiƙa ta gama kowanne.

26/
A cikin wannan ɗan lokacin za ta zana jirgi, ta zana gajimare da ƙasa, ta lissafa iska, mai, injin, lantarki, da agoguna. Kamar kuɗin cefane ne a hannun uwar gida: idan nama ya cinye, babu na manja. Duk alwatikar da ka kashe a kujerar fasinja, ka rage ta ne daga wani wuri.

27/
Shi ya sa suke da dabaru. Kusoshin jikin jirgi dubbai ne, ba a gina su ɗaya-ɗaya, zana su ake a yaudari haske ya yi musu inuwa. Kuma jirgi ɗaya ana yi masa siffa huɗu ko biyar: ta kusa mai cikakken ado, ta nesa kusan kwali. Kana matsawa ana musanya maka ba ka sani ba.

28/
Wannan dabara ta rage ado gwargwadon nisa, James Clark ya bayyana ta a rubuce tun 1976, mutumin da daga baya ya kafa Silicon Graphics. Har yau a kanta ake. Gwanin mai ƙera jirgi shi ne wanda ya san inda idonka ba zai kai ba, ya yi tsimi a wurin.

29/
Idan aka yi wa ado yawa fa? Flight Simulator X ta fito a 2006 da kyan da ya fi ƙarfin yawancin kwamfutocin lokacin, mutane suka shekara suna rage saiti. A 2009 Microsoft ta rufe sashen da ke yin wasan. Sai 18 ga Agusta 2020 ya dawo, ta hannun kamfanin Asobo na birnin Bordeaux a Faransa.

30/
Sabon ya zo da alkawari babba: duniya gaba ɗaya. Hotunan tauraron ɗan'adam na Bing, kimanin petabait 2, wato gigabait miliyan 2, suna can a rumbun kamfani ana turo maka ta intanet gwargwadon inda kake. Ku da kuke sayen data gigabait ɗaya-ɗaya, ku auna.

31/
Ba mutum ne ya zauna ya gina kowane gida ba. Manhaja ce ke duba hoto daga sama, ta ce wannan gini ne, wannan bishiya ce, ta tayar da su. Tana kuma ɗibar bayanai daga taswirar OpenStreetMap, wadda kowa ke iya gyarawa. A nan aka yi abin dariya.

32/
A wata unguwa a Melbourne ta Ostareliya, wani ya yi kuskuren rubuta hawa 212 a gidan da bai wuce hawa 2 ba. Sai ga siririn bene ya soki sama a tsakiyar unguwa a cikin wasan, duniya ta yi ta zuwa kallo. Darasi: na'ura ba ta san gari ba, abin da aka ba ta take maimaitawa.

33/
To mu dawo gonarmu. Ƙasar da ta kewaye Kano, musamman ta arewa, Dawakin Tofa, Bichi, Minjibir, Makoɗa, Dambatta, ba daji ba ce kuma ba birni ba ce. Masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarinta tun shekarun 1960 yana Jami'ar Ahmadu Bello, saboda yawan jama'arta da yadda ake noma ta kowace shekara ba hutu.

34/
Daga sama ƙananan gonaki ne manne da juna, gero da dawa da wake da gyaɗa a gona guda, shingen aguwa, burtali ya ratsa, gida nan, gida can. Bishiyun kuma ba na Allah-bar-mu ba ne. Kowace ɗorawa, kowace tsamiya, kowace kuka, wani ne ya bar ta da niyya, kuma tana da mai ita.

35/
Yanzu ka ba manhajar da ta fi sanin garuruwan Turai wannan hoton. Soron ƙasa launinsa ɗaya da ƙasar da yake kai, da wuya ta raba su. Rumbu ƙarami ne kuma zagayayye. Gawo kuwa ya fi kowa rikita lissafi: da damina yake zubar da ganye, da rani yake kore, akasin sauran bishiyu.

36/
Ga kuma lokaci. Hoton da aka ɗauka a Maris ja ne fayau, na Agusta kore shar, dawa ta fi mutum tsawo. Ƙasa ɗaya, fuska biyu. Saboda haka abin da ya ɓatar min da gonarmu bai tsaya ga ƙarfin laftof ba. Ko na sayi mafi tsada, ba za ta zana abin da ba a taɓa gaya mata ba.

37/
Amma kafin mu ce kyan hoto shi ne komai, ga wani tarihi mai nauyi. Ranar 24 ga Yuni 1956 jirgin BOAC ƙirar Argonaut ya tashi daga Kano zai tafi Tarabulus, hadari na gabansa. Yana ɗagawa iska ta juya masa farat ɗaya, ya rasa ƙarfin hawa, ya daki bishiya. Mutum 32 cikin 45 suka rasu.

38/
A lokacin irin wannan iska ko suna ba ta da shi. Sai a shekarun 1970 masanin yanayi Ted Fujita ya bayyana ta: iska ce da ke faɗowa daga cikin hadari ta daki ƙasa ta watsu. Manomi ya san ta, ita ce ke kwantar da dawa a gona ɗaya ta bar ta maƙwabta a tsaye.

39/
Bayan haɗarin jirgin Delta a Dallas a 1985, aka mayar da hankali sosai kan koya wa matuƙa kuɓuta daga ita. A ina ake koyo? A simuleta, don ba mai kai ɗalibi cikinta da jirgin gaske. Kuma iskar nan ba ta da hoto. Lissafi ce tsantsa, wanda dole ya zo a kan lokaci.

40/
Shi ya sa idan ka leƙa simuletar horar da matuƙa, wani lokaci hotonta bai kai na wasan da ke wayarka ƙyalli ba. Ba talauci ba ne, na'urar miliyoyin daloli ce. Zaɓi ne. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

41/
Mu ma muna da rabo a ciki. An kafa kwalejin horar da matuƙa ta Zariya a 1964, kuma a 'yan shekarun nan ta mallaki simuletar Boeing 737. Matuƙin fasinja yakan koma simuleta duk wata shida a gwada shi, kuma shekara da shekaru namu ƙasashen waje suke fita yin hakan da dala.

42/
Wato duk alhajin da ya tashi daga Kano zuwa Jidda, rayuwarsa tana rataye da awannin da matuƙinsa ya yi a cikin akwati ana kashe masa injin, ana turo masa hazo, ana juya masa iska. Jikan akwatin Link ne, an dai ƙara masa ƙafafu da taga.

43/
To me ya rage mana? Abu biyu. Na ɗaya, ɗan'uwa mai tsohuwar laftof, kada ka raina kanka. Rage inuwa, rage gajimare, rage nisan bishiyu, ka bar jirgi ya yi tafiya sumul. FlightGear kyauta ce tun 1997. Wanda ya iya riƙe tsayi da alƙibla da agogo kaɗai ya fi mai hoton da ke cijewa koyon abu.

44/
Na biyu, taswira. Kano ta riga ta ga amfaninta: lokacin yaƙi da shan inna an zana ƙauyuka da rugage daga hotunan sama don kada masu rigakafi su tsallake kowa. OpenStreetMap a buɗe take. Kana iya zana titin ƙauyenku, makaranta, masallaci, kasuwa, da sunansu na gaskiya. Amma don Allah a ƙirga hawa daidai, kada a yi mana ta Melbourne a Kunci.

45/
Masu Blender kuma, ga aiki. Wa zai ƙera mana kuka da gawo da rumbu marasa nauyi, alwatika kaɗan, waɗanda ƙaramar kwamfuta za ta ɗauka? Wa zai yi wa tsohon jirgi fentin Kabo Air, mu sake ganinsa a sararin Kano? Wanda ya taso yana raba cajin waya ya kai dare ya riga ya san tsimi.

46/
Ni dai na mayar wa abokina laftof ɗinsa da zafi kamar dutsen guga. Asabar mai zuwa in sha Allah zan fara zana unguwarmu, daga bakin titi zuwa tsamiyar da muke cin kasuwa a ƙarƙashinta.

47/
Wanda ya taɓa bi ta saman garinsu a irin wannan wasa, ya ajiye mana hoto a ƙasa, ya faɗi garin da abin da ya gani. Wanda kakansa ya ba shi labarin jiragen zamanin yaƙi, muna son ji. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya tsare matafiya. Mu kwana lafiya.